Bishiyar Aji Uku

Ajin farko da na riƙe ba shi da ƙofa. Gindin wata tsohuwar dalbejiya ne, a wata firamare da ke unguwar Maisandari a Maiduguri, inda aka tura ni bayan na gama kwalejin horar da malamai. Yara sun yi wa makarantar yawa tun da mutanen ƙauyuka suka gudo cikin gari, don haka aji uku ya koma waje, ni ma na bi shi.

Ban damu ba. Akwai ƙusa biyu a jikin bishiyar, a nan muke rataye allo. Yara suna zuwa da buhunan wofi su shimfiɗa. Da safe muna zama yamma da gindin, in rana ta ɗaga mu ja buhuna mu bi inuwa. Idan ta taɓa randar ruwa, mun san lokacin tara ya yi. Da bazara kuwa furanninta farare ƙanana suna zubo mana a kan littattafai, yara su hure su ci gaba da rubutu. Yara sittin da ɗaya nake da su, kuma kowa yana samun inuwa.

Wata rana hedimasta ya tara mu ya karanta takarda daga hukuma: an kafa doka, daga wannan zango babu yaron da zai sake karatu a gindin bishiya. Na yi tafi, har da ƙwalla. Malamar aji huɗu, wata dattijuwa 'yar kudancin Borno da kowa ke ce wa Madam, ta dube ni ta gefen tabarau.

"Ƙanwata, ajiye tafin nan sai kin ga rufin kwano a kanki."

An fara gini kuwa. Bulo ya kai taga, sai magina suka daina zuwa, awakin unguwa suka tare a ciki. Ana haka aka aiko cewa masu duba makarantu za su zo ranar Laraba da fom, kuma duk makarantar da aka samu da aji a gindin bishiya, shugabanta zai amsa tambaya.

Ranar Litinin na sauka daga keke, na shiga ƙofar makaranta, sai na ga sararin sama a inda bai taɓa kasancewa ba. Sun sare bishiyar a ƙarshen mako. Kututture ne kawai ya rage, fari fat, yana warin ɗaci, ga sawun tayar motar da ta kwashe itacen. Allona yana jingine da katanga. Yarana suna tsaye a rana riƙe da buhunansu, sun rasa inda za su shimfiɗa.

Ni ba mai ɗaga murya ba ce. A gida tsokanata ake yi wai sai an kasa kunne kafin a ji sallamata. Amma ranar ban yi sallama ba na shiga ofishin hedimasta.

"Malam, wa ya sare ta?"

"Zauna, 'yata."

"Ba zan zauna ba. Ba doka ce ta hana sare bishiya a garin nan ba? Mahaifina reshe ɗaya ya datse a Lamisula don yana taɓa waya, sai da ya kwana biyu yana zarya a ofis yana ba da haƙuri."

Ya buɗe durowa ya miƙo min takarda. Izini ne, da hatimi da sa hannu, an bayar a yini guda. Dalilin da aka rubuta: saiwoyinta suna barazana ga sabon gini.

"Wane gini, Malam? Ɗakin awaki?"

"Fom ɗin bai tambayi ko akwai gini ba," in ji shi, bai ɗago ba. "Ya tambayi ko akwai aji a gindin bishiya. Shekara biyu ta rage min in yi ritaya, Malama. Ke kika rubuta fom ɗin, ko ni?"

Ranar Laraba aka cusa yarana a ajin Madam, wasu a kan cinyar wasu, wasu a taga. Baƙin suka zo su uku da babbar riga. Ɗayansu ya tsaya daidai kan kututturen don ya amsa waya, bai ko dubi abin da ya taka ba. Sannan aka ba kowane malami takardarsa. Tambaya ta bakwai: kana koyarwa a gindin bishiya? Na daɗe riƙe da biro. Madam ta taɓa ni da gwiwar hannu.

"Rubuta, ƙanwata. Ai ba ƙarya za ki yi ba. Sun gyara miki gaskiyar."

Na rubuta a'a. Na sa hannu. Har yau in na tuna hannun nan nawa yana tafiya lafiya lau a kan takarda, wuyana yakan yi zafi.

Washegari muka koma waje. Inuwar katanga tana kai mu ƙarfe goma, daga nan sai rana, irin ta Maiduguri a watan da ƙasa ke ƙona ƙafa ta cikin silifa. Na gwada ɗaura zannuwa biyu a kan sanduna, iska ta kwashe. Wata yarinya mai son karanta baƙi da ƙarfi ta yi haɓo har jini ya ɓata littafinta. Bayan kwana biyu uwarta ta zo, ta gaishe ni da Kanuri, sannan ta juya Hausa don in ji da kyau.

"Malama, ko a sansani muna da tanti. Ban gudo da ita daga daji don rana ta kashe min ita a makaranta ba."

Na ɗauko buhun yarinyar, na kakkaɓe, na naɗe, na ba ta.

Kafin zangon ya ƙare yara ashirin da uku suka rage min. Makarantarmu kuwa ta samu takardar yabo, tana cikin waɗanda suka cika sharaɗi. Hedimasta ya sa aka yi mata firam, aka rataye a ofis, da ƙusa biyu.