Tsargiya da Wa'azin da Ban Yi Ba

Salama gare ku. Tun watan Maris ban ce komai a nan ba. Waɗanda suka yi ta kira ban ɗauka ba, ku gafarce ni. Ga abin da ya faru, iya abin da na sani.

Ranar Asabar ce, mako na biyu na Maris, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe. Ina bencin gaba a majami'armu ina shirya wa'azin washegari. Na zaga bayan gida, na ga jini a ƙarshen fitsarina. Ba ranar ya fara ba. Amma ranar ce na dawo zan zauna, sai ƙasa ta juya da ni.

Bari in koma baya kaɗan.

Bara na gama makarantar aikin bishara, aka turo ni wata ƙaramar ikilisiya a ƙauye kusa da madatsar ruwan Watari. Benci takwas gare mu, ranar Lahadi ko biyu ba sa cika. Shugabanninmu sun ce in damina ta faɗi ba a ga canji ba, za a rufe a haɗe mu da ta gari. Tsofaffinmu ba za su iya wannan tafiyar ba.

Ni a ganina mutane sun karaya ne. Sai na fara shirya wa'azi a kan jimrewa. Tun da ba sa zuwa, tsakiyar mako nakan bi su gonakin rani. In naɗe wando in shiga hanyar ruwa, ina ƙarfafa mutum, shi kuwa yana gyara kunyar albasa yana cewa, "Haka ne, Malam."

Da jinin ya fara, da zafi, mutum ɗaya na gaya wa: Baba Tanko, dattijon ikilisiya. Ya yi dariya har da tari.

"Tsargiya ce, Malam. Yanzu ka zama ɗan gari. Kowa ka gani a nan ya yi ta yana yaro."

"Tana wucewa, Baba?"

"Ta wani ta wuce, ta wani ta zauna."

Na rasa ko in ji tsoro ko in yi dariya. Kuma ta yaya mai wa'azin jimrewa zai bar mutane ya tafi asibiti a kan abin da yara ke yi suna wasa? Sai na jure.

Ranar da na faɗi, Malam Habu ne ya ji ƙarar benci. Maƙwabcinmu ne, Musulmi, gonarsa na jikin majami'a. Ya ɗora ni a babur, Baba Tanko ya riƙe ni ta baya. Na ji Malam Habu yana cewa, "Riƙe shi da kyau, Baba, kada mu zubar muku da limami a hanya."

A asibiti a Ɗambatta aka ɗebi jini. Akwai zazzaɓin cizon sauro, jinin kuma ya yi ƙasa. Fitsari suka ce sai na tsakar rana, lokacin ne ƙwan tsutsar tsargiya suka fi fita. An gan su, aka ce a ruwan gonakin nan na ɗauko ta. An ɗauki hoton mafitsara, kuɗinsa ya fi na maganin, nesa ba kusa ba. Sai da aka auna nauyina aka ba ni ƙwayoyin, manya, masu ɗaci. Jiri da tashin zuciya suka kwantar da ni.

Na tambayi likita ko zan iya komawa gobe, ina da wa'azi.

"A kan me?"

"Jimrewa."

Ta dube ni. "Fara jure shan magani tukuna."

Daga nan aka kai ni wajen mahaifiyata a Minjibir. Lahadi uku ina kwance, zuciyata na gaya min an riga an rufe majami'ar. Inna ta ce, "Kai ka kafa ta? Kwanta."

Da na koma, na buɗe ƙofa da safiyar Lahadi, na yi shara, na jera benci. Babu wanda ya zo, ko Baba Tanko. Na zauna na yi kuka, ba zan ɓoye ba.

Bayan la'asar sai na ji muryoyi. Mata da goyo, maza da laka a ƙafa. Benci shida suka cika.

Na ja Baba Tanko gefe. "Baba, me ke faruwa?"

"Da ba ka nan muka mai da sujada yamma. Safiyar Lahadi ake sako wa ɓangarenmu ruwa. Wa zai bar albasa ta mutu?"

"Me ya sa ba ku taɓa gaya min ba?"

"Kai ka yi karatu, Malam. Mun ɗauka a rubuce yake, sujada sai ƙarfe tara na safe."

Na miƙe da wa'azin jimrewa a hannu, gabana mutanen da ban ga alamar sun karaya ba. Kaina ya ɗaure. Na gode musu, na ce duk mai ganin jini a fitsari ya je a gwada shi, yaro ko babba. Wa'azin ranar ke nan. Aka ce Amin da ƙarfi.

Yanzu jinin ya tsaya, ƙarfi na dawowa. Na gode wa Allah. Na gode wa Malam Habu, da Baba Tanko, da Inna, da likitar da ban tambayi sunanta ba.

Shawarata: jini a fitsari ba alamar zama ɗan gari ba ce, ciwo ne, kuma yana da magani. Ku ci abinci kafin ku sha ƙwayoyin. Mai shiga ruwan noman rani ya nemi takalmin roba mai tsawo.

Abin da har yanzu ban sani ba:

Ko tsutsar ta ƙare, sai an sake gwaji.

Ko shugabanninmu za su ƙidaya sujadar yamma. Ba su ba da amsa ba, ga hadari ya fara haɗuwa.

Ko mutanen sun zo ne don lokaci ya yi musu, ko don tausayina.

Wa'azin jimrewar kuma yana nan a aljihuna. Ban san wa zan yi wa shi ba, in ba ni ba.