Hashim Mai Kashe

Idan ka shiga unguwar Jambutu a Garwa ka tambayi gidan Hashim ɗan Alhaji Taufiƙ, sai an daɗe ana kallon-kallo. Amma ka ce Hashim Mai Kashe, ko mai suyar ƙosai ta bakin hanya za ta nuna maka ƙofar da cokalinta. Kada gabanka ya faɗi. Bawan Allahn nan ko kaza ce sai ya kira maƙwabci ya yanka masa. Sunan daga Faransanci ya samo asali: hatimin da ake buga wa takarda a biro, wato ofis, shi mutanen Garwa ke kira kashe, kuma Hashim ya fi shekara goma ba shi da aikin da ya wuce buga shi.

Danginsa 'yan kasuwa ne tun kakanni, masu sayar da atamfa da shadda. Shi kaɗai ne ya zauna a lekol, wato makarantar boko, har ya gama, saboda haka ranar da ya sami kujera a biro sai da aka yi waina aka raba a unguwa. Kujerar kuwa tana wani ɗan ɗaki ne mai taga ɗaya wadda ba ta buɗuwa, da fanka mai kukan tsohon keken ɗinki. Mutane su yi layi da takardunsu, shi kuma ya dangwala hatimi a tawada, ya ɗaga hannu sama, ya sauke shi tim, ya ce, "Kashe!" Wannan kalmar ita ce sallamarsa, mai takarda ya ɗauka ya tafi, na baya ya matso. Haka aka yi ta yi har tumbi ya fito masa, baya ya fara ciwo, hannunsa na dama ya yi kauri kamar na maƙeri, na hagu kuwa yana nan sirit abin tausayi.

Abin da ya tayar da shi daga kujerar nan ba likita ba ne, ko da yake likita ya yi magana har ya gaji. 'Yarsa ce, Nasiha, tana da shekara bakwai a lokacin. An kawo sabon malamin Islamiyya daga Mubi, wanda ko gaisuwa bai iya ba da Faransanci, ya ce kowane yaro ya faɗi sana'ar mahaifinsa. Da aka zo kan Nasiha ta miƙe tsaye ta ce, "Babana kashe yake yi. Tun safe har la'asar. Layi ma ake yi masa."

Bayan sallar la'asar sai ga malam a ƙofar gida, gumi sharkaf, ya zo yin wa'azi da taka-tsantsan, yana magana yana duban hanyar gudu. Da aka gane inda aka yi ɓatan kai, Khaula matar Hashim ta yi dariya har ta zauna a kan turmi, malam ma ya dara, ya sha ruwa, ya tafi da kunyarsa. Amma da aka zauna cin tuwo Nasiha ta dubi uban ta ce, "Baba, baban ƙawata Pélagie in ya dawo aiki yana kawo gyaɗa da kuɓewa. Kai in ka gama kashewa me kake kawowa?"

Hashim ya dubi hannunsa. Babu komai sai shuɗin tawada a babban yatsa. Wallahi maganar ta yi masa zafi, kuma ba ta sake shi ba.

To, akwai ƙanwar mahaifinsa, Gwaggo Mairamu, tsohuwa mai ƙaramin jiki da babbar murya. Ita ke riƙe da karal ɗin gidansu a hanyar Pitowa, wato irin baƙar lakar nan da ruwa ke kwanciya a kai duk damina, in ya janye a dasa masakwa. Masakwa dawa ce mai taurin rai. Sai ruwan sama ya ɗauke ake dasa ta, ta rayu da damshin da laka ta ɓoye. Hashim ya saya wa Gwaggo goro da sabulu, ya je ya durƙusa ya ce yana so ta ba shi gonar ya noma.

Gwaggo ta ajiye carbinta ta ƙare masa kallo, tun daga takalmi mai sheƙi har zuwa tumbi.

"Kai ɗan nan, zafin Garwa ne ya taɓa ka? Mutane na neman inuwa kai kana neman rana?"

"Gwaggo, na gaji da zama ne."

"Zama ne ya gaji da kai, ga shi nan ya taru a gabanka. Ni ba ƙarfinka nake ji ba, sunanka nake tsoro. Shekara da shekaru duk garin nan ana kiran hannunka mai kashe, kai kuma kana amsawa. Suna yana bin mai shi, ɗan nan. Yaya za a yi in ɗauki ƙasar ubana in damƙa wa hannun da aka yi wa wannan baki?"

Ya yi ta bayani cewa kashen nasa na Faransanci ne. Gwaggo ta ce ƙasa ba ta yi lekol ba, Hausa take ji da Fillanci. Da ƙyar, da sa bakin Khaula, ta yarda da shekara guda. In masakwa ta rayu, gona ta zama tasa ya ci gaba da nomawa. In ta mutu, ta ba wani, shi kuma ya koma kujerarsa kada ta sake jin zancen. Shef ɗinsu, wato shugaban biro, mutumin kirki, ya ba shi hutu ya ce kujera za ta jira shi zuwa ƙarshen Nuwamba, in ya wuce haka sai dai a ba wani.

Maƙwabcinsa a karal shi ne Fulbert, baban Pélagie ɗin nan, mutumin duwatsun wajen Gidar, wanda suka yi aji ɗaya a lekol. Da ya hango Hashim ya sauko daga moto, wato babur ɗin haya, da hular malfa sabuwa fil, sai ya cire tasa ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, Misye Kashe, yau wace takarda muka manta?" Tun daga ranar ba su daina tsokanar juna ba. Tare suka yi renon iri a gefen tudu, tare suka sare ciyawa suka ƙone. A makon farko tafin hannun Hashim ya yi bororo ya fashe, ƙafarsa ta nutse a taɓo takalmi ɗaya ya tafi ke nan har yau. Yakan dawo gida ya zube a tabarma, Khaula tana gasa masa baya da ruwan zafi tana cewa, "Baban Nasiha, fankar nan ta biro fa tana gaishe ka." Shi kuwa sai ya ce ta bar shi, rabonsa da ya ci tuwo ya ji daɗinsa haka tun yana saurayi.

Ranar dashe ta zo. Abin aikin wani ƙaton itace ne kamar taɓarya, an sa masa ƙarfe mai tsini a baki. Ka ɗaga shi, ka soka a laka ya yi rami, na bayanka ya zuba ɗan ruwa ya sa iri biyu, shi ke nan, sai gaba. Hashim yana ɗaga itacen nan sai jikinsa ya gane aikin. Ashe wannan ɗagawa da saukewa ita ya yi ta koyo a biro bai sani ba! Hannun daman nan ya sami abin da yake nema. Inda Fulbert ke soka sau biyu, shi sau ɗaya yake yi, rami ya tafi zurum. Fulbert ya riƙe ƙugu ya ce, "Kai, a hankali, rijiya aka ce ka haƙa?"

Ana cikin haka Gwaggo Mairamu ta iso a bayan moto don ta ga yadda ake yi da ƙasar ubanta. Ta tsaya a kan kunya, ta kasa kunne. Me za ta ji? Duk sukan da Hashim ya yi, bakinsa na fitar da abin da ya saba: "Kashe! Kashe! Kashe!" Shi bai ma san yana yi ba.

"Innalillahi!" in ji Gwaggo, ta ɗora hannu a ka. "Hashimu! Kana dasa abu kana ce masa kashe? Tun safe haka kake yi? Rabin gonar nan ka gama yi mata baki!"

Fulbert ya yi dariya har ya faɗi zaune a cikin laka. Hashim ya kama bakinsa da hannu, ya ƙarasa sauran gonar yana bisimilla a kowane rami, amma Gwaggo ta riga ta hau moto ta tafi tana faɗa, mai moton ma bai tsira ba.

Kowa ya san masakwa takan suma bayan dashe. Ganyen ya kwanta ya bushe kamar an gama da shi, bayan 'yan kwanaki ta farfaɗo. Ta Fulbert ta suma ta tashi. Ta gonar gabas ta tashi, ta yamma ta tashi, karal ya yi kore shar ta ko'ina, sai fa gonar Hashim a tsakiya tana nan kwance jawur. Kullum da sassafe zai je ya tsuguna yana leƙen ramuka. Tun yana cewa gobe har ya daina cewa komai. Fulbert ma ya bar tsokana, abin da ya fi tayar wa Hashim hankali ke nan. Mutumin da ya yi lekol, wanda ya yi ta yi wa Gwaggo bayanin Faransanci, sai ga shi yana duban tafin hannunsa yana cewa a ransa, anya kuwa tsohuwar nan ba ta da gaskiya?

Nuwamba ta kai ƙarshe. Ran Litinin ɗin da hutu ya ƙare, Hashim ya ce wa Khaula ta goge masa rigar biro. Ta goge, idonta ya yi ja. Ya sa wando, wando ya zame, don tumbin da ke riƙe shi ya bi rana, sai da aka huda sabon rami a bel da ƙusa. Nasiha tana bakin ƙofa da jakar makaranta tana kallonsa. Ta ce, "Baba, kashewar za ka koma?" Ya ce mata ta wuce kada ta makara.

Yana ɗaure igiyar takalmi ke nan sai moto ya tsaya a ƙofar gida. Gwaggo Mairamu ce ta shigo ba sallama, zaninta duk laka har gwiwa. Ashe tsohuwar nan da ke ta faɗa, ita ma kullum sai ta je gonar bayan ya tafi, mai moto ne ya tona mata asiri daga baya. A hannunta akwai dashe guda da ta tono da wuƙa, ta miƙa masa har bakin hanci.

"Kai mai karatu, karanta wannan."

Saman busasshe ne kamar yadda ya bar shi. Amma ƙasan, tsawon da ya shige cikin rami, farar saiwa ce sabuwa ta yi gemu cunkus, kuma a can cikin maƙogwaron ganyen ga wani ɗan kore siriri yana leƙowa.

"Da wannan hannun naka na maƙera ka binne su kusa da lahira," in ji Gwaggo. "Dole su daɗe a hanya. Jiya da yamma suka fara leƙo kai, yau duk gonar haka take. Har wajen da ka yi wa baki, su ma suka fi fitowa, marasa kunya. Cire mini takalmin nan ka wuce mu tafi!"

Khaula ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Hashim ya zauna a ƙasa da rigarsa ta biro, yana riƙe da dashen nan, yana dariya hawaye na zuba, bai damu da wa ke kallo ba. Sai da rana ta ɗaga ya je ya yi wa shef godiya da ban kwana, ya shafa kujerar, ya fito.

Zurfin nan ya yi rana daga baya. Da iska ta busar da karal, laka ta dare har hannu na shiga, masakwar Hashim tana shan damshi daga ƙasa ba ruwanta. Shi da Fulbert suka yi ta korar tsuntsaye da gwangwani da ihu, muryar da ba a taɓa sanin Hashim yana da ita ba. A Fabrairu aka yanke, amalanke ta yi ta sawu zuwa Jambutu, Khaula ta aika wa gidaje da kwano-kwano, har da malamin Islamiyya. Gwaggo ta ci tuwon sabuwar masakwa da miyar kuɓewa, ta suɗe hannu, ta ce gona tasa ce, amma in ta sake jin kalmar nan a bakinsa a cikin karal sai ta fasa masa baki. Yanzu shekararsa ta huɗu ke nan a can. Ya yi baƙi, ya rame, hannun hagu ya kamo na dama, ciwon baya ya nemi wani mai kujerar.

Sunan dai bai bar shi ba, kuma ya daina so ya bar shi tun ranar da malamin Mubi ya tare Nasiha a bakin makaranta, masakwar da aka aiko masa na ajiye a zaurensa, ya ce mata cikin tsokana, "To 'yar Mai Kashe, yanzu kuma me babanki yake yi?"

Nasiha ta gyara jakarta ta ce, "Har yanzu kashewa yake yi, malam."

"Subhanallahi! Me kuma yake kashewa?"

"Yunwa," in ji ta. "Ai kai ma ya kashe maka taka."