Kwalbar da Ta Yi Ɗumi a Ƙirjina

Ko da zan manta komai na aikina, ban da ranar da kwalba ta yi ɗumi a ƙirjina. Shekaru sun wuce, amma har yau ina tuna ta kamar jiya.

Lokacin ban daɗe da gama sakandare ba, na samu aikin wankin kwalabe a wani ɗakin gwaje-gwaje na jami'a. Kullum daga ƙauyenmu Kwalkwalawa nake takowa. Shugabarmu wata Hajiya ce mai faɗa, ita ke kula da sinadarai. Akwai wani ƙarfe mai laushi da take ajewa cikin mai, sodiyam, wuƙa ma tana yanka shi. Ta ce ko ruwa ya taɓa shi sai ya kama wuta. Ragowarsa kwalbarsa daban, ba a haɗa shi da komai.

Ranar wata Juma'a, wani ɗalibi yana sauri kada salla ta wuce shi. Ya gama aiki da wani ruwa rawaya, cikin sinadaran nan masu naitirojin, mai wari kamar ruɓaɓɓen kifi. Kwalbar zuba ragowar ta cika, sai ya juye a ta kusa da ita, ya murɗe marfi tamau don kada wari ya dame mu. Kirki ya yi niyya, wallahi.

"Ƙanwata, taimaka ki kai wagga sito," ya ce, yana neman takalminsa.

Na rungume ta kamar yadda nake ɗaukar kowace. Ina tsakiyar ɗaki na ji ɗumi ya ratsa hijabina, kamar gorar kunu. Na ce, "Hajiya, wagga kwalba zazzaɓi take?" Ina dariya ma.

Ta juyo, ta ga alamar ragowar sodiyam a jikin kwalbar. Matar da kullum take ihu, ranar a hankali ta yi magana.

"Ɗiyata, kada ki girgiza ta. Aje ta nan ƙasa. Yauwa. Taho gare ni, kada ki waiwaya."

Na aje, na taho gare ta. Ta tura mu waje duka, ta ja ƙofa. Muna isa gindin dogonyaro muka ji ƙara, tau! Da hayaƙi ya lafa aka shiga, gilashi ya kakkafe a jikin katakon ƙofa, daidai tsayin fuskata.

"Kai, mi kaz zuba ciki?" in ji Hajiya. Ɗalibin ya faɗa mata, takalmi ɗaya a ƙafarsa.

Daga baya ta bayyana mana cewa in irin wannan ruwa ya haɗu da ƙarfen, zafi da iska suke taruwa, marfin kuma ya hana su fita.

Ban bar aikin ba. Yanzu ni nake koya wa sababbi. Abin da na koya shi ne, sinadari ba miya ba ne da za a haɗa ragowa wuri ɗaya. Duk kwalbar da ban san abin da ke cikinta ba, ko wa ya miƙo mini, sai na tambaya kafin ta kusanci ƙirjina.