Baƙin Ƙarfe a Mashigin Alkalawa

Abin da za ni gaya muku wallahi ba labarin tasha ba ne, da ni ya faru, kuma da rana tsaka, ido na ganin ido. A shekarun farin nan ne da gero ya ƙone a tsaye tun bai fidda kai ba, rijiyoyi sunka koma ramukan banza. Lokacin ina tuƙa wata tsohuwar akori-kura tsakanin Isa da Sabon Birni. Motar tamu ce ni da yayana, shi yana zaune kasuwa, ni ke shiga daji da ita, kuma wannan shekarar aikina duka ɗaukar ruwa ne a duro ina kai wa rugage, don masu ƙarfi sun kora shanu kudu, an bar tsofaffi da mata da 'yan maruƙa a baya.

Sai Yaya ya tafi Maraɗi ya dawo da wili biyu na alminiyam da tayoyinsu, farare ƙal, kana ganin fuskarka ciki. Ya ce ba su da nauyi, mota za ta rage shan mai, sitiyari ya yi laushi. Ban musa mashi ba, gaskiya ne. Amma na ce, "Yaya, wanga abu na kwalta ne. Wilin ƙarfe in ya daki dutse lanƙwasa yake, in sa guduma in miƙe shi in wuce. Wanga ko tsagewa yake, in ya tsage cikin daji wa za ni kira?" Ya ce ni dai ƙauyanci ke damuna. Ranar Juma'a ina masallaci ya sa mai faci ya ɗaura su gaba. Da na dawo na gani, sai na ɗauko tsofaffin nawa na ƙarfe na jefa bayan mota tsakanin durorin, na ce a raina duk inda na samu inuwa za ni maida kayana.

Washegari wani dattijon Bafillace, Baffa Sambo, ya same ni, ya ce rugarsu can bayan Alkalawa ruwansu ya ƙare tun jiya, har mai jego gare su. Munka cika durori munka kama hanya, shi zaune gefena da sandarsa tsakanin ƙafafu. Ban tsaya canza wili ba saboda sauri.

Rana ta take munka iso mashigin gulbi kusa da kufan tsohon birnin Alkalawa. Gulbin ya bushe ƙayau, yashi ne kawai da ƙasusuwan dabbobi. Mun fara gangarawa ke nan na hango mutum tsaye tsakiyar mashigi, dogo, da farar riga, ya ɗaga hannu. Na taka burki. Abin da na fara lura da shi, bakin rigarsa jiƙe yake sharkaf, ƙafafunsa kuma duk ɗanyen laka. Ku tuna fa, a ƙasar nan duka lokacin ba inda za ka samu lakar da za ka shafa wa tukunya.

Na yi sallama, bai amsa ba. Ya zagayo yana duban tayoyi, ya shafa na gaba da tafin hannu kamar mai shafa doki, ya zo na baya ya ja da baya. Sannan ya ce, "Fararen su wuce. Baƙin ƙarfen ga ba ya taka nan. Ɗiyana na kwance."

Na duba, ba kowa kwance, yashi ne. Na ce, "Bawan Allah, hanya ta kowa ce. In na kewaya mai ba ya kai ni, kuma mutane na can ƙishi na kashe su. Za ni wuce." Na sa giya. Baffa Sambo kansa a sunkuye, amma na ga ya zaro wuƙarsa daga kube ya aza bisa cinya.

Ba mu kai tsakiya ba na ji ƙara ƙas, mota ta sunkuya ta dama. Kafin in kashe ta, ƙas, ta hagu ma. Na sauko, wallahi wilin nan biyu sun rabe gida biyu kamar an fasa ƙwarya, kuma na tona yashin da hannuna ba dutse ko ɗaya. Na taɓa su, sanyi ƙalau kamar an ciro su daga randa, cikin wannan rana.

Tsoro ya zo, ba zan ɓoye muku ba, amma haushi ya fi shi yawa. Na sauko da jak da katako da sifana, na jawo wilina na ƙarfe. Mutumin ya zo ya tsuguna can gefe, ina jin ruwa na ɗiga daga rigarsa, ɗis, ɗis, yashi na shanyewa. Duk sa'ad da na sunkuya kwance noti na ɗago, sai in ga ya matso, ban kuma taɓa ganin sa'ad da ya motsa ba. Da na gama na dama na koma na hagu har ina jin sanyinsa a ƙeyata, da wari irin na ƙasan rijiya.

Ya ce, "Bar mani duro guda, in bar ka."

Na ce, "Ruwan ga da masu shi. Ko ludayi ba ni ba ka. In kai mai ruwa ne, mi ya hana ka ba mutane?" Ina faɗa ina karanta abin da ya zo bakina, noti ya faɗi cikin yashi na lalubo shi na ɗaure. Na sauke jak. Taya na taɓa ƙasa ɗigar ruwan ta tsaya. Na waiga, ba kowa, sai gurbin ƙafa biyu jiƙe a yashi, ba sawun zuwa ba na tafiya.

Na bar fasassun nan wurin, na ja mota munka haye. Sai da munka yi nisa na ce, "Baffa, ka gan shi?" Ya ce, "Ɗana, tuƙa motarka. Abin da na gani ba shi ka gani ba." Bai ƙara ba, har ya bar duniya bai ƙara ba.

A ruga mata sunka fito da ƙore, munka fara sauke ruwa. Duro na ƙarshe na kama shi da ƙarfi sai ya taso a hannuna, wayam. Murfinsa ɗaure yadda na ɗaure shi, ba huda, bayan mota kuma a bushe. Abin da ya rage ba ya isar su da maruƙansu. Baffa ya ce in kwana, gobe a bi ta wata hanya. Na ce a'a, yau za ni cike shi, kuma ta mashigin nan. Na juya ni kaɗai.

Da na iso, wilin nan biyu na tsaye jere bakin hanya, lafiyarsu lau, ba tsaga ko ta gashi, an wanke su tas, ruwa na zuba daga jikinsu. Ban tsaya ba. Na ɗebo ruwa na dawo na sake wucewa ta gabansu kafin la'asar, na kai wa mutane abinsu.

Da na ba Yaya labari bai yarda ba sai da na kai shi wurin. Ya sauka zai ɗauka, ya kai hannu ya taɓa guda, ya janye, ya goge hannun a riga ya dawo mota. Ya ce, "Mu tafi." Bai sake yi mani zancen alminiyam ba.

Ni dai shawarata, in motarka ta gari ce sa abin da ya yi maka kyau. In ko daji kake shiga da kaya, riƙe ƙarfenka, ka ɗauki safaya ta ƙarfe. Kuma in taya ta tsaya maka cikin busasshen gulbi da rana tsaka, yi addu'arka, ɗaure notinka, in ka ji ɗigar ruwa bayanka kada ka waiga.