Ƙafar Kawu ta Dama

Na yi shekaru a ƙasar waje ina karatun ƙididdiga, kuma babban abin da na dawo da shi gida shi ne zargi. Duk zanen alƙaluman da na ga yana hawa sumul babu gargada, sai in fara tambayar wa ya share masa hanya. Jikin mutum ba ya warkewa a miƙe. Yau da sauƙi, gobe a wuni ana cije leɓe. Shi ya sa zanen gwiwar Kawu ya tsaya mini a rai.

Kawu direban babbar mota ne. Daga karen mota ya fara, har ya zama shi ake nema idan kaya masu nauyi za su bi hanyar tsauni. Abokan aikinsa Na-Tudu suke ce masa. A wurin lodi ya taka baƙin mai ya zame, jijiyar gwiwarsa ta hagu ta tsinke, ƙafar da yake taka kuloci da ita. Aka yi masa aiki. Kamfani ya ba wani direba riƙon motar, da sharaɗin idan likita ba ta sa hannu ba kafin a sabunta kwantiragin direbobi, riƙo ya zama mallaka.

Ni nake kai shi wurin likitar gashin ƙashi. Ɗaki ne dogo mai warin man zafi, da madubi a bango ɗaya da keken motsa jiki mai ƙara. A kusurwa akwai kujera mai ɗamara. Mutum zai zauna, ya tura wani ƙarfe da ƙwaurinsa iya ƙarfinsa, na'ura ta auna. Ana gwada dama, a gwada hagu, kwamfuta ta fitar da kason ƙarfin mai ciwon a kan lafiyayyar. Sai ya kai casa'in cikin ɗari ake sallama. Na Kawu kullum gaba yake yi, ko tuntuɓe babu.

Likitar na fara zargi. Ita kaɗai ce da layin mutane har baranda, na ce ƙila lamba mai daɗi take fitarwa don ta rage cunkoso. Na riƙa tsayawa a bayanta ina leƙen allon.

“Baturen gida, ka bar baiwar Allah ta yi aikinta,” in ji Kawu. “Kai ko a biki sai ka ƙirga kujeru.”

Ban kama ta da komai ba. Abin da na'ura ta faɗa shi take ɗauka.

Wata safiya tayar motata ta sace. Kawu ya ɗauko famfon ƙafa, ya zauna a benci, ya ɗora ƙafar dama ya dinga dannawa yana ba ni labarin wani kwandasta, ko numfashinsa bai sauya ba. Da rana muka je asibiti. Ƙafar nan da ta cika taya, aka ce ta tura ƙarfe, sai ga Kawu yana yamutsa fuska yana nishi, ƙarfen na motsi da kyar.

Na tsaya ina kallo har aka gama. Kawu ne ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, a kujerar motarsa na koyi karanta allunan hanya. In na yi magana, motar nan na iya kuɓuce masa. In na yi shiru, zai ɗauki tirela cike da kaya ya hau tsauni da gwiwar da ba wanda ya san gaskiyar ƙarfinta.

“Likita,” na ce, “ko za a iya nuna mana kowace ƙafa ita kaɗai, ba kason ba?”

Ta dube ni kamar za ta ce ga layi a waje, amma ta danna. Layuka biyu suka fito. Na hagu yana hawa a hankali, yana tuntuɓe yana tashi, irin na mai warkewa da gaske. Na dama kuwa tun daga ranar farko gangara yake yi. Mai ciwon ba ta kamo lafiyayyar ba, lafiyayyar ce ake saukowa da ita.

Likita ta juya kujerarta. “Baba, lafiyayyar ƙafa takan ɗan ragu idan mutum ya zauna. Amma ba haka ba.”

“Tsufa ne, 'yata.”

“Tsufan ƙafa ɗaya ya kama?”

Kawu ya gyara hularsa. “A ma'aunin motoci na hanya, in bayan mota ya yi nauyi, ba zubar da kaya muke ba. Gyara zamansu muke.”

“To nan ba a gyara zama,” ta ce, ba tare da faɗa ba. Ta ɗauki awon dama na ranar farko, ranar da Kawu ya tura ƙarfen har kujera ta girgiza don ya nuna mata shi ba tsoho ba ne, ta gwada hagu da shi. Kason ya faɗo ƙasa da saba'in. Ta ce gwiwar na tafiya daidai, amma ba za ta sa hannu kafin kwantiragi ba.

Muka kama hanyar gida. Ya bar ni na shiga rami biyu bai gyara mini tuƙi ba, abin da bai taɓa yi ba. Da muka tsaya a ƙofar gida ya buɗe murfi, ya sauko da ƙafar dama, sannan ya tallabo ta hagu da hannu biyu ya ajiye ta a ƙasa.

Na ce, “Kawu, da ta sa hannun, da gaske za ka hau motar?”

Ya dubi gwiwar.

“Hawa kam da na hau,” ya ce. “Yadda zan sauko ne ban yi shawara da ita ba tukuna.”