An-Gama da Gwajin Baro

Babu mai kiran maginin nan da sunansa na yanka. An-Gama ake ce masa, domin kafin ka rufe baki kana faɗin aikin da kake so, ya riga ya ce, "An gama!" Ko siminti bai iso ba, an gama. Amma a ba shi haƙƙinsa: tun yana lebura da kwano a ka ba a taɓa kama shi da ha'inci a kwaɓi ba, bangon da ya ɗora kuma ba ya karkacewa. Cutarsa dai gaggawa, sai yarda da ƙarfin damtsensa.

Ƙanwarsa tana da 'ya, ana ce wa yarinyar Rediyo. Ƙafafunta sun shanye tun tana ƙarama, amma bakin nan, sai dai a nemi inda batirin yake a cire. A keken guragu take zuwa makaranta, ajinsu kuwa yana kan baranda mai tsayi, matakala ce kaɗai hanya. Kullum uwar ke goya ta ta hau, ta sauko ta kinkimi keken, yara na kallo. Da yarinya ta yi nauyi, bayan uwar ya soma ciwo, sai ta gaya wa shugabar makarantar cewa in ba a yi wa keken hanya ba, Rediyo za ta zauna gida.

Shugabar ta kira An-Gama. "Gangare nake so, mai tsawo, wanda yarinya za ta hau da kanta."

"An gama, Malama!"

Da ya zo aiki sai ya tarar da shukar furanni a gaban barandar. Tumɓuke su ɓata lokaci ne, don haka ya taƙaita gangaren, ya fito gajere, a tsaye kamar goshin rago. Da ya bushe, ya gwada shi yadda magina ke gwada katakon hawa a wurin gini: ya cika baro da yashi, ya taho da gudu, ya haye yana fito.

"Baro ya hau da yashi, wace ce Rediyo?" in ji shi.

Ranar farko yana tsaye a gefe, ƙirji a buɗe, yana jiran yabo. Rediyo ta ce, "Mama, kada ki taɓa ni. Yau da kaina zan shiga, kowa ya matsa!" Ta murza tayoyi, ta kai tsakiya, hannunta ya gaza. Ƙananan tayoyin gaba suka ɗaga, keken ya kifa ta baya, ƙeyarta ta bugi siminti.

Ba jinin ne ya tsaya masa a rai ba. Shirun ne. Har aka yi mata ɗinki aka dawo gida, Rediyo ba ta ce uffan ba.

Ƙanwar tasa ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Cewa ta yi, "Yaya, da wani ne ya yi, da na san abin da zan faɗa masa." Makaranta kuwa, ta ce an bar ta ke nan.

An-Gama ya daina fito. Ya karɓi keken da sunan zai miƙe ƙarfen da ya lanƙwashe, ya wuce da shi makaranta bayan an tashi, ya cusa jikinsa ciki da ƙyar. Ya murza, ya murza, damtsen da yake taƙama da shi ya hau rawa. Bai ko kai inda Rediyo ta kai ba, sai ga shi ƙafafu a sama. Maigadi ya ƙyalƙyale da dariya, da ya ga fuskar mutumin sai ya haɗiye ta.

Ya koma cikin keken ya zaga makarantar. Daga zaune komai ya sauya: famfo ya yi sama, kwatar tsakar fili ta zama kogi, ƙofar banɗaki ga dakali ga matsi.

Da gudumarsa ya farfasa gangaren. Ya mayar da furannin gefe, ya zuba sabo mai tsawo, da wurin hutawa a tsakiya, da ƙarfen riƙewa, ya karce siminti don kada ya yi santsi. Shugabar ta leƙo ta ce, "An gama?"

"Sai mai keken ta faɗa, Malama."

Ya je gidan ƙanwarsa ya tsuguna a bakin ƙofa kamar mai neman gafara wurin surukai. Uwar ta kau da kai. Rediyo ce ta yi magana daga kan tabarma.

"Kawu, wannan karon da me ka gwada? Jaki?"

"Da ƙeyata, 'yar Kawu." Ya cire hula ya nuna mata ƙulun.

Ta yi dariya har da tari. Uwar ta daɗe tana kallon ƙulun, sannan ta ce, "Zan bi bayanta. In keken ya ko girgiza, shi ke nan."

Bai girgiza ba. Rediyo ta tsaya a tsakiya ta huta, ta gaisa da jama'a kamar mai neman ƙuri'a, ta ƙarasa sama ita kaɗai. Yara suka yi tafi. An-Gama bai yi ba, domin daga ƙasa abin da yake hange shi ne tabon da ke ƙeyarta, inda gashi ya ƙi fitowa.

Ta juyo da keken. "Kawu, saura banɗaki fa."

"Na gani," ya ce, ya sunkuya ya ɗauki gudumarsa.