Rariyar da Na Zaɓar wa Lawali

Jama'a, abin da zan ba ku labarinsa da ni ya faru, ba a bakin wani na ji ba, kuma na rantse da Allah ban ƙara masa gishiri ba, sai ma abin da na rage saboda kunya. Lokacin ina aiki a Lyon, a wani kamfani da ke gwajin ƙarafa, shekara uku da gama karatuna, ba mata, ba abin yi ranar Asabar da Lahadi. Wani Bature abokin aikina ne ya koya mini fita da na'urar gano ƙarfe. Akwai wani babban tafki a bayan gari mai yashi a bakinsa, lokacin zafi mutane su cika shi suna wanka, in ka yi sammako kafin su zo sai ka bi yashin kana lilo da na'urar, abin ji a kunne, in ta yi ƙara ka haƙa. Abin haƙar wani shebur ne mai doguwar ƙota, bakinsa kamar gwangwani mai huji-huji, ka ɗebo yashi ka girgiza ya zube, abin da ke ciki ya tsaya. Mu dai rariya muke ce masa.

Ina da aboki Lawali, tare muka taso a Maradi, layi ɗaya. Shi karatu bai yi nisa da shi ba, yana zaune a Sevran, can gefen Paris, yana aikin lodin kwalaye a wani babban sito. Ya zo mini hutu, na ce zo mu je ka ga haukan Turawa da na koya. Na ba shi tsohuwar na'urata da wata rariyar ƙarfe mai nauyin tsiya, na nuna masa yadda ake yi, ina ta taƙama.

To ni shekara biyu ina wannan abu, in ka ga abin da na tara sai ka yi dariya: marafan kwalba, ƙusoshi, 'yan kwabbai, da cokali guda. Lawali kuwa fitarsa ta farko ya ciro zoben aure na zinariya. Ta biyu sarƙa. Kuma bai riƙe ko ɗaya ba, wai tsintuwa ce, sai an yi cigiya. Ya kai wa masu gadin bakin ruwan, ya bar lambarsa, masu kaya suka riƙa kiransa suna godiya, wata ma har da kuka. Kafin zafin ya wuce labari ya kai Château Rouge, unguwar da 'yan ƙasarmu ke haɗuwa a Paris. In na je can muka shiga shagon wani Alhaji da muke shan shayi, sai ka ji ana cewa ga Lawali mai hannun albarka, ni kuma a ce mini, "Injiniya, kai mi ka samo? Murhin kwalba?" Ina dariya tare da su, amma wallahi dariyar yaƙe ce. Ba zan ɓoye muku ba, hassada ce zalla. Ni na koya masa, ni na san ƙarfe, ni na yi karatun, amma shi ake nunawa.

Da zafi ya zagayo, ya kira ni ya ce kafaɗarsa ta dame shi, lodin kwali duk mako sannan ga rariya mai nauyi, yana so ya sayi tasa marar nauyi, in zo Paris in zaɓar masa tunda ni na san kan abin. Muka je wani shago da ke sayar da irin waɗannan kaya. Mai shagon ya jero mana su, na ƙarfen da ba ya tsatsa, na roba, na alminiyam. Ana cikin haka matar Lawali ta kira shi ya fita waje, sai mai shagon ya tambaye ni a ina za a yi aiki da ita. Na ce bakin tafki. Ya ce to alminiyam ya fi sauƙin ɗauka, amma in kula da hujin: masu manyan huji na jiƙaƙƙen yashin teku ne, sun fi kowanne rashin nauyi don ƙarfen da ke jikinsu kaɗan ne, sai dai ɗan kunne ko siririyar sarƙa zurarewa suke yi ta ciki. Na tafki mai ƙananan huji ake so, ko da ya ɗan fi nauyi.

Na ji shi sarai. Lawali na dawowa na miƙa masa mai manyan hujin. Ya ɗaga ta da yatsa biyu, ya washe baki ya ce, "Wannan ai kamar ba ka riƙe komi ba. Allah shi biya ka, Injiniya." Mai shagon ya dube ni, na kau da kai na ce a naɗe mana. A raina cewa nake ai ba cutarsa na yi ba, marar nauyi ya ce, marar nauyi na ba shi. In ƙananan abubuwa suka zube masa, ni da ke bin bayansa in samu nawa rabon.

Asabar ta biyu da sayen rariyar muna bakin tafkin da hantsi, rana tar, mutane sun fara shimfiɗa tawul, sai ga wata tsohuwa Baturiya ta tsaya a gabanmu. Ban ga ta inda ta ɓullo ba. Doguwar rigar sanyi ce a jikinta cikin wannan zafi, ba takalmi, ƙafafunta a jiƙe, alhali yashin wurin busasshe ne ƙurmus. Da Lawali take magana, amma idonta a kaina yake. Ta ce ɗan kunnen yarinyarta ne ya faɗi, ƙarami, na zinariya da shuɗin dutse, can wajen wata bishiya da ta sunkuya kan ruwa. Lawali bai tambaye ta yaushe ya faɗi ba, bai tambayi ina yarinyar ba, da Faransancinsa na sito ya ce mata ta kwantar da hankalinta, ya yi mata alkawari zai samo mata shi.

Muka shiga ruwan iya gwiwa. Ba a yi minti goma ba na'urarsa ta yi ƙara. Ya ɗebo, ya girgiza, ya leƙa, ba komai. Ya sake, ba komai. A karo na uku ni da ke bayansa na ga abu ya yi walƙiya ya zurare ta huji ya faɗa ruwa dab da ƙafata. Na taka shi. Da ya juya baya na sunkuya kamar ina gyara wando, na ɗauke na jefa aljihu. Ba don kuɗinsa ba, nawa ma zai yi? Abin da ba zan iya jurewa ba shi ne in sake tsayawa a gefe ina kallon wani yana riƙe hannun Lawali yana godiya. Da na ɗago kai tsohuwar na tsaye a bakin ruwa tana kallona, ba fushi a fuskarta, ba komai. Muka yi ta nema har azahar, ina taya shi, ina ma ba shi shawara. Da muka fito ba ta nan.

Na ɗauka magana ta ƙare. Ashe Lawali ya ɗauki alkawarin nan da gaske. Duk Asabar sai ya hau jirgin ƙasa tun daga Paris ya zo, ya shiga ruwan nan wajen bishiyar, ya wuni. Ni na fara kawo uzuri, yau aiki, gobe ciwon kai, ya tafi shi kaɗai. In ya dawo yana rawar sanyi sai ya ce ta zo, ta tsaya inda ta saba, ta tambaye shi ko ya samu. Zafi ya wuce, masu wanka suka daina zuwa, ganye ya fara zuba, ruwan ya yi sanyin da ko yatsa ba ka son sawa, bai fasa ba. Matarsa ta kira ni ta ce, "Don Allah Yaya ka yi mishi magana, kai kaɗai yake jin maganarka, tari yake duk mako." Na ce zan yi. Na kuma yi, na ce masa ya haƙura haka nan, ƙila laka ta haɗiye shi. Ya ce, "A'a, yana nan cikin ruwan. Dole yana nan." Ni kuwa a lokacin faɗin gaskiya ya yi mini nauyin da ya fi na farko.

Shi kuwa ɗan kunnen, a cikin gwangwanin shayi na ajiye shi a kan kabad. Duk ranar da na buɗe sai in tarar da shi a jiƙe, da ɗan yashi a ƙasan gwangwanin. In goge shi, in zubar da yashin, in rufe, bayan kwana biyu haka. Na ce ƙila gumin ƙarfe ne, ni da na karanta ƙarfe na san ƙarya nake yi wa kaina. Ranar wata Laraba da rana na fita cin abinci daga wurin aiki, na tsaya a kan gada na wurga shi cikin kogin Rhône, na ga inda ya faɗa da idona. Lahadin da ta biyo na ɗauki na'urata na tafi wani filin wasan yara mai yashi a ɗaya gefen garin, nesa da kogin, nesa da tafkin, don in huce. Ƙara ta farko, ɗiba ta farko, na girgiza rariyata, ga shi kwance a ciki, ruwa na ɗiga daga jikinsa. Innalillahi. Na zauna a ƙasa a wurin, na fi rabin awa ina kallonsa, sannan na koma gida da shi.

A makon ne aka kwantar da Lawali a asibiti, sanyi ya kama masa huhu. Na hau jirgi na je, ɗan kunnen na aljihuna a naɗe cikin takarda, kafin in isa takardar ta jiƙe. Na same shi da robar iska a hanci, ya rame, amma yana ganina ya yi murmushi ya ce Injiniya ya iso. Matarsa ta fita ta ba mu wuri. Ban san ta inda zan fara ba, sai kawai na buɗe tafin hannunsa na sa masa. Na faɗa masa komai, tun daga shagon da maganar hujin har taka shi da na yi a ruwa.

Ya dubi abin. Sannan ya ce, a hankali, yana tsayawa yana jan numfashi, "Ta gaya mini. Tun zuwana na biyu ta ce in bar wahal da kaina, yana wurin wanda ya zaɓa mini rariya."

Na ce to me ya sa ka ci gaba da shiga ruwan?

Ya ce, "Na ce mata ƙarya take. Na ce wannan ɗan'uwana ne, tare munka tashi, ba ya yi mini haka. Na ce sai na hiddo shi daga ruwan nan na nuna mata, ta san ƙarya ta yi maka."

Jama'a, an taɓa zagina a duniya, an taɓa marina, amma ban taɓa jin abin da ya ratsa ni kamar wannan magana ba. Wata huɗu mutum yana tsaye cikin ruwan sanyi yana wanke ni, ni kuwa ina ɗaki da abin a gwangwani. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Ya mayar mini da ɗan kunnen ya ce in kai mata da kaina, ya juya fuskarsa wajen bango.

Washegari da hantsi na je tafkin. Ba kowa, ko kare babu. Na tsaya wajen bishiyar na yi sallama kamar mahaukaci, na jira, ba ta zo ba. Na ajiye ɗan kunnen a kan wani dutse a bakin ruwa, na yi taku kamar biyar, na waiwaya, babu shi. Ruwan a kwance yake lamo, ba iska, ba tsuntsu. Daga baya na tambayi wani mai kula da wurin ko ya san wata tsohuwa mai doguwar riga, ya ce shi dai abin da ya riƙa gani duk kakar nan baƙin mutum ne shi kaɗai a cikin ruwa, wani lokaci yana magana yana nuni da hannu kamar mai gardama da wani. Ko wace ce ita, ko wace yarinya ce mai ɗan kunnen, har yau ban sani ba, kuma ban ƙara neman sani ba. Na'urar ma na sayar da ita a watan.

Lawali ya tashi, alhamdu lillahi, amma huhun bai koma daidai ba, aikin lodi ya gagare shi, yanzu gadi yake yi a zaune. Ya ce ya yafe mini, na kuma yarda ya yafe, don ba ya faɗin abin da ba shi ne a ransa ba. Sai dai tun daga ranar bai ƙara neman shawarata a kan komai ba, ko takalmi zai saya.

Shawarata gare ku, in wani ya amince da ku ya ce ku zaɓar masa abu don kun fi shi sani, ku zaɓa masa wanda za ku zaɓar wa kanku. In kuma kun ji zuciyarku na ƙuna da alherin da Allah ya ba shi, gara ku ce ba ku da lokaci, ya je ya tambayi wani. Ba ku san wa ke tsaye yana kallo ba. Ni har gobe muna gaisawa da Lawali a waya, da salla da azumi, kuma duk lokacin sanyi in na kira shi, sai na tsaya na jira ya gama tari kafin ya iya amsa mini sallama.